Babi na Uku: Ra'ayin Masu Karatu a Birnin Kano Kan Ƙagaggen Labarin Kimiyya Mai Alaƙa da Fim

3.1 Ma'anar Littafin Fim

Abin da ake nufi da littafin fim a wannan babi shi ne ƙagaggen labari na zube wanda aka ciro shi daga fim, ko kuma aka fitar da shi tare da fim domin kowanne ya tallata ɗan'uwansa. A Amurka da Ingila wannan sana'a ce mai zaman kanta. Kamfani yakan miƙa wa marubuci rubutaccen tsarin fim tun ba a gama ɗaukarsa ba, shi kuma ya mayar da shi labari, a buga a kai kasuwa. Fina-finan kimiyya, wato masu labarin tafiya sararin samaniya da baƙin halittu da na'urori masu tunani, suna daga cikin waɗanda aka fi yi wa irin wannan littafi.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Star Wars. An fitar da littafin a ƙarshen shekarar 1976, fim ɗin kuwa sai a watan Mayu na 1977. Sunan George Lucas ne a bangon littafin, amma wanda ya rubuta shi Alan Dean Foster ne. Da yake an rubuta shi kafin a kammala tace fim ɗin, sai ya zo da wasu fitowa waɗanda daga baya aka yanke, kamar ganawar Luke da abokinsa Biggs a garinsu. Wani misalin shi ne 2001: A Space Odyssey na 1968, wanda Arthur C. Clarke ya rubuta littafinsa a daidai lokacin da Stanley Kubrick yake shirya fim ɗin. A littafin, jirgin ya nufi duniyar Zuhal ne, a fim kuwa Mushtari. Mutane da dama sun kalli fim ɗin ba su fahimci ƙarshensa ba sai da suka koma ga littafin.

Daga waɗannan misalai za a ga cewa mai karatu a can yana neman abu biyu ne a littafin fim. Na farko, ya tafi da fim ɗin gida, domin a wancan zamani babu bidiyo a gidajen jama'a. Na biyu, ya sami ƙarin bayanin da fim bai ba shi ba. A kan waɗannan ne yake yabo ko ya kushe. Tambayar da ta shafi wannan bincike ita ce, ko mai karatu na cikin birnin Kano da wannan ma'auni yake awo?

3.2 Silima da Littafi a Cikin Ganuwa

Kafin a amsa wannan tambaya, ya kamata a duba yadda fim ya shigo birnin. Gidajen silima na farko a bayan ganuwa aka gina su, kamar Rex da aka buɗe a 1937 a yankin Sabon Gari. A shekarar 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, ta hallaka fiye da mutum 300, kuma jama'a da dama suka ɗauki abin a matsayin ishara. Da aka buɗe silimar Palace a 1952 a Jakara, kusa da Kasuwar Kurmi, wato a tsakiyar birni ke nan, sai da aka yi ta jifan masu shiga. Tun daga nan silima ta zama wurin da mai mutunci ba ya son a gan shi, mace kuwa idan ta shiga sunanta ya ɓaci.

Wannan ya haifar da wata al'ada wadda ita ce ta tsaya a matsayin littafin fim. Saurayin da ya je Plaza ko Orion ko Wapa da dare, washegari shi ne mai ba da labari a majalisa ko a zaure, ya kwashe fim ɗin tun daga farko har ƙarshe, yana kwaikwayon jarumi da mugu. Ƙannensa su ɗauka su shiga da shi cikin gida wajen matan kulle. Ke nan aikin da Alan Dean Foster ya yi da alƙalami, a Kano baki ne ya yi shi, kuma kyauta. Da bidiyo ya yaɗu a gidaje a shekarun 1980, buƙatar ma sai ta ragu. A 'yan shekarun baya kuma masu fassara fina-finan Indiya zuwa Hausa, irin su kamfanin Algaita, suka ƙarasa cike gurbin.

Saboda haka alaƙar littafi da fim a Kano ta bi ta wata hanya dabam. Littafi ne yake fara fita, sannan fim ya biyo baya. An riga an ga haka tun a 1976 da Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. Amma abin bai bunƙasa ba sai bayan fitowar Turmin Danya a 1990, lokacin da marubutan ƙungiyar Raina Kama suka shiga harkar bidiyo da kansu. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a 1991, aka yi fim ɗinsa a 1994. Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990, fim ɗinsa kuma a 1998. Mai kallo yakan zo gaban talabijin ne ya riga ya san Sumayya da Muhammad, ya san rijiyar da Sumayya ta faɗa, har ya riga ya sura kamanninsu a zuciyarsa. Don haka littafi shi ne asali, fim ne ake tuhuma. Ƙorafin da aka saba ji shi ne an rage labari, ko an canja ƙarshensa, ko jarumar ba ta kai kyawun wadda marubuci ya siffanta ba, ko an cusa waƙa da rawa inda babu su.

3.3 Tauraruwa Mai Wutsiya

Idan aka dawo ga labarin kimiyya kuwa, littafin da manazarta suke fara ambata a Hausa shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1969. Ba daga fim aka ciro shi ba, amma shi ne mafi kusa da abin da ake magana a kai, domin duk kayan da fina-finan sararin samaniya suke tinƙaho da su yana ɗauke da su. Tauraron labarin yaro ne mai suna Kilba, wanda ya haɗu da wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo, suka yi tafiya tare zuwa sararin samaniya. Shekarar da ya fito ma abin lura ce. A watan Yuli na 1969 ne 'yan sama jannatin Amurka suka sauka a kan wata, ana tsakiyar yaƙin basasa a Nijeriya, kuma labarin ya iso Kano ta rediyo da jarida. Dattawa da yawa ba su gaskata ba.

Sunan littafin kansa yana da nauyi a kunnen Bahaushe. Ana yi wa wannan tauraruwa kirari da cewa ganinta ba alheri ba ne, domin an ɗauka bayyanarta alama ce ta rasuwar wani babba ko aukuwar masifa. Marubucin ya ɗauki abin da ake tsoro ya mayar da shi abin bincike da yawon buɗe ido. Wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne, kuma a nan ne ra'ayoyin masu karatu suke rabuwa.

Akwai masu karanta shi kamar yadda suke karanta Ganɗoki na Bello Kagara, ko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ko Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. A wurinsu Kolin Koliyo aljani ne da ya sake riga, jirginsa kuma bai bambanta da tsuntsun da yake ɗaukar jarumi ya tsallake tekuna bakwai da shi ba. Waɗannan sukan ji daɗin labarin ba tare da wata damuwa ba, sai dai kimiyyar da ke ciki ba ta dame su ba. Ba za a ga laifinsu ba, domin ma'ajiyar da suke da ita ta ajiye abin mamaki ita ce ta tatsuniya da hikaya da Dare Dubu da Ɗaya. Abin da ya bambanta labarin kimiyya da na aljanu shi ne, a na kimiyya ana ƙoƙarin bayyana yadda abin ya yiwu ta hanyar na'ura da lissafi, a na aljanu kuwa ba a tambaya. Mai karatun da bai damu da wannan bayani ba, duk tafiyar ɗaya ce a wurinsa.

Akwai kuma waɗanda abin yake tsaya musu a rai ta fuskar addini, kuma wannan ra'ayi ya fi ƙarfi a unguwannin malamai na cikin birni. Sama ba wurin wasa ba ce a tunanin mutumin da ya tashi yana jin bayanin sammai bakwai, yana sauraron karatun Isra'i da Mi'iraji a watan Rajab. Labarin aljani bai cika tayar da hankalinsa ba, tun da addini ya tabbatar da samuwar aljanu. Amma a ce yaro ya hau sama ya dawo, ya ga wasu halittu masu hankali waɗanda ba mutane ba, ba aljanu ba, ba mala'iku ba, to nan sai a tsaya. Wannan ba jahiltar taurari ba ne. Birnin Kano ya daɗe da malaman hisabi waɗanda suka san buruji da manzilolin wata, kuma ko manomi ya san Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta. Abin da ake gudu shi ne ƙarya a kan abin da yake gaibu. Irin wannan ƙyama tsohuwa ce, domin a 1933 da Rupert East ya zagaya yana neman malamai su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai, sai da ya sha wahala kafin ya shawo kansu, saboda suna ganin ƙaga labari aikin mata da yara ne.

Kashi na uku su ne 'yan makaranta, waɗanda yawancinsu a aji suka gamu da littafin. Su sukan auna shi da fina-finan Amurka da na Indiya da suka kalla. Wanda ya ga Star Wars, ko Koi Mil Gaya na 2003 inda baƙon sama ya yi abota da wani saurayi, idan ya karanta labarin Kilba yakan ji kamar ya san shi. Wasu har sukan zaci daga fim aka kwaikwayo shi. Wannan kuskure ne da kwanan wata kaɗai ya isa ya gyara, domin littafin Dembo ya girmi Star Wars da shekara takwas, ya girmi fim ɗin Indiyan da shekara 34. Sai dai kuskuren yana nuna wani abu, wato an saba ɗauka cewa duk abin da ya shafi jirgin sama jannati ba na Bahaushe ba ne, aro ne.

3.4 Dalilin da Ya Sa Bai Yi Magada da Yawa Ba

Kasuwar littafi ta Kano a shekarun 1980 da 1990 ba ta dogara da gwamnati ko babban kamfani ba. Marubuci shi yake tara kuɗinsa ya kai maɗaba'a, ya raba wa 'yan kasuwa a Kurmi da Sabon Gari da bakin asibiti, ya jira ciniki. Masu saye da masu haya yawancinsu mata ne da 'yan mata, kuma abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne auren dole da kishi da saki da neman ilimi. Marubucin da ya sa jarinsa a labarin duniyar Mushtari yana iya kwana da littattafansa a ɗaki. Samarin da suke son abin al'ajabi kuwa sun sami biyan buƙata a littattafan yaƙi da sadaukai da matsafa, irin waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya shahara da su.

Ko muhawarar da aka tafka a jaridu a shekarun 1990, wadda Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan sunan Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya wajen kare su, a kan soyayya da tarbiyya da ingancin rubutu ta fi karkata. Haka kuma lokacin da aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, da lokacin da hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafai a 2007, batun tarbiyya ne a gaba. Labarin kimiyya bai sami masu suka ba balle masu kariya, kuma littafin da ba a yi gardama a kansa ba wuya ya yi kasuwa a Kano.

Ta ɓangaren fim ma hanyar a toshe take. Tun da a Kano littafi ne yake haifar da fim, sai mai shiryawa ya duba abin da zai iya ɗauka da kyamarar bidiyo guda ɗaya. Labarin Sumayya yana buƙatar gida da mota da lambu da rijiya, kuma duk ana iya aro ko haya a cikin gari. Labarin aljani ma yana yiwuwa, domin da an tsayar da kyamara an janye ɗan wasa, ya ɓace ke nan. Labarin Kilba kuwa yana buƙatar jirgi da sararin da babu ƙasa a ƙarƙashinsa, ga kuma masu kallo waɗanda idonsu ya riga ya saba da na Amurka, ba za su yi wa na gida uzuri ba. Shi ya sa marubutan da suka koma harkar bidiyo a shekarun 1990 suka ɗauki littattafan soyayya da na zaman aure, suka bar Tauraruwa Mai Wutsiya a hannun malaman makaranta da ɗaliban sashen Hausa.