Hunturu, Lambun Gida da Tattalin Bahaushe: Misali Daga Ƙasar Ruma

Gabatarwa

Bahaushe ya kasa shekararsa zuwa damina da kaka da rani da bazara, kuma kowane lokaci da irin aikinsa da irin abincinsa. A farkon rani ne hunturu yake sauka, wato daga wajen watan Nuwamba zuwa Fabrairu. A lokacin manomi ya riga ya kai amfani gida, ko rumbu ya cika ko bai cika ba, sannan akwai kusan wata 7 a gabansa kafin ruwan shuka, da wasu wata 3 kafin sabon gero ya nuna. Yadda iyali suka sarrafa hatsinsu da itacensu da ruwansu a watannin sanyi shi yake nuna ko za su riski sabon amfani da rufin asirinsu, ko kuwa za su faɗa bashi tun bazara. Wannan babi zai duba dabarun da ake bi wajen wannan sarrafawa, musamman lambun gida, tare da kalmomin da suka jiɓinci al'amarin, domin ɗalibi mai koyon aikin malanta ya san su, ya kuma iya koyar da su.

An ɗauki misali daga ƙasar Ruma, wadda take yamma da birnin Katsina, a yankin ƙananan hukumomin Batsari da Safana. Ƙasa ce ta duwatsu da jigawa da 'yan fadamu, wadda tarihi ya san ta da mayaƙin nan Ɗanwaire, kuma har yau Sarkin Ruma ake kiran hakimin Batsari. Dajin Rugu ne ya raba ta da Jihar Zamfara. Shekaru aru-aru wannan daji yana ba mutane itace da kiwo da zuma da ganyen miya. Tun daga shekarun 2010 da satar shanu da garkuwa da mutane suka yi ƙamari, shiga dajin da zuwa gonaki masu nisa suka zama kasada, mutanen ƙauyuka da dama suka yi hijira zuwa cikin Batsari da Dutsin-Ma da Katsina. Wannan ne ya sa ɗan filin bayan ɗaki, wanda a da ake yi wa kallon wurin wasan tsofaffin mata, ya sami darajar da ba ta taɓa kai haka ba.

Tanadi da Tattali da Tsimi

Ɗalibai sukan ɗauki waɗannan kalmomi uku a matsayin masu ma'ana ɗaya, alhali kowace da muhallinta. Tanadi shi ne samar da abu a ajiye kafin bukatarsa ta taso. Tattali shi ne kula da abin da aka mallaka don kada ya lalace ko ya salwanta. Tsimi kuwa shi ne amfani da abu kaɗan-kaɗan don ya daɗe. Alal misali, matar da ta yanka kuɓewa ta shanya da kaka ta yi tanadi. Idan ta zuba ta a tukunya ta rufe, ta kare ta daga ƙwari da raɓa, ta yi tattali. Idan tana ɗibar daidai abin da miyar dare take bukata, ta yi tsimi. Amma ranar da maƙwabciya ta aiko yaro neman ɗan garin kuɓewa ta ce babu, alhali akwai, to ta tsallaka zuwa rowa, kuma al'ada ba ta yaba mata. Ke nan Bahaushe ya sanya tsimi a tsakanin halaye biyu da yake ƙyama, wato rowa da almubazzaranci.

Haka kalmomin yanayi suke da irin wannan bambanci. Hunturu suna ne na busasshiyar iskar da take kaɗowa daga arewa maso gabas, da kuma lokacin da take kaɗawa. Ɗari shi ne sanyin da wannan iska take kawowa, jaura kuma ita ce matsananciyar iskar ɗari mai ratsa tufafi. Hazo shi ne ƙurar da take rufe sararin sama, wadda mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Sanyi ya fi su faɗin ma'ana, shi ya sa ake cewa ruwan sanyi, ba a cewa ruwan ɗari. Yana da kyau malami ya lura cewa ɗari na hunturu da ɗari na lissafi rubutunsu ɗaya ne, amma furucinsu daban. A na hunturu ana jan wasalin farko, kuma karin sautin gaɓoɓin biyu sama yake. A na lissafi wasalin farko gajere ne, karin sautinsa kuma ƙasa. Yara sukan ji daɗin wannan misali ƙwarai idan aka kawo shi a darasin karin sauti.

Abin da Hunturu Yake Ci

Da dare a watannin Disamba da Janairu ma'aunin zafi yakan sauka zuwa wajen digiri 12 ko 13 a ƙasar Katsina, da rana kuma ya hau zuwa wajen 30. Wanda ya zauna a Turai zai raina wannan sanyi, amma gidajenmu da tufafinmu don zafi aka yi su. Abu na farko da hunturu yake ci shi ne makamashi, domin ga girki, ga ɗumama ruwan wanka da na alwala, ga jin ɗumi. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar tsaro da ta hana motoci ɗauko itace daga daji, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Batsari da Safana. An sassauta dokar daga baya, amma hunturun wannan shekara ya tuna wa mutane darajar kara da totuwar masara da busasshen kashin shanu. Mace mai tsimi takan kare murhunta daga iska, ta jiƙa wake tun dare don ya yi saurin nuna, ta ɗora tukunyar ruwa a kan ragowar garwashi, ta kashe guntun itacen da bai cinye ba don gobe. Tuwon dare yakan zama ɗumamen safe, ƙanzo kuma a shanya shi a ajiye.

Akwai tsimin da yake jawo asara, kuma wajibi ne malami ya gargaɗi yara a kansa. Shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga yana kisa, domin gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, mai barci kuma ba ya farkawa balle ya gudu. Haka nan yawancin gobarar ƙauye a wannan lokaci take aukuwa, saboda darni da zana da jinka duk sun bushe, ga iska tana kaɗawa. Rigar sanyi ta gwanjo da bargo da man kaɗe na shafa wa faso da kaushi sun fi kwana da wuta arha, idan aka yi lissafi da kyau.

Lambun Gida

Abin mamaki shi ne, iskar da take fasa leɓe ita ce take gyara kayan lambu. Tumatir yana bukatar dare mai sanyi kafin furensa ya ƙulla 'ya'ya, idan zafi ya tsananta sai furen ya kakkaɓe. Wannan ne dalilin da ya sa tumatir yake arha a Janairu da Fabrairu, ya yi tsada daga bazara zuwa damina. Latas da kabeji da karas da albasa su ma sanyi suke so, kuma bushewar iska tana rage cututtukan ganye da laima take haddasawa. Kuɓewa da alayyafo kuwa zafi suka fi so, don haka sukan yi nawar girma har sai ɗari ya fara ja da baya. Mai lambun da ya san wannan ba ya ɓarnar iri.

Lambun gida ya bambanta da garka ko lambun fadama, inda ake noman rani don kasuwa, da jigo a da, da injin ban ruwa a yanzu. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin ban ruwa da inji ya ninka, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka sa hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Lambun gida ba ya shan fetur. Jarinsa guntun fili ne a bayan ɗaki ko kusa da rijiya, da darni ko ƙaya don kare shi daga awaki da kaji, da takin turke, da iri. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a watan Oktoba ake yafa irin tumatir da albasa a ɗan kwami. Tumatir yakan isa dashe bayan kamar mako 4, albasa kuwa sai ta yi mako 6 ko 7. Da yamma ake dashe, a kuma ba da ruwa nan take. Takin da za a zuba ya zama wanda ya ruɓe, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa.

Babbar matsala ita ce ruwa, musamman a wuri mai duwatsu kamar Ruma, inda rijiyoyi sukan ja baya tun kafin bazara. A nan lissafi yana da amfani. Fangali mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1 yana bukatar lita 10 zuwa 14 a yini a lokacin hunturu, wato jarka ɗaya mai cin lita 25 za ta shayar da fangali biyu. A ɗauka gida yana da mutum 8 masu salla, kowa yana amfani da rabin lita a alwala, sau 5 a yini. Lita 20 ke nan take malala a ƙasa kullum. Idan aka yi wurin alwala a bakin fangali, ko aka tara ruwan a bokiti, aka haɗa da na wankin hatsi da na ɗaurayar kwanuka, lambu ya sami abin sha ba a sayi ko ɗigo ba. Ruwan wanki mai yawan sabulun gari ne kawai ya kamata a kauce wa, saboda yana tara gishiri a ƙasa. Rufe gindin shuka da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa yana hana iska shanye laima. Wanda ba shi da fili, kamar ɗan gudun hijirar da yake haya a ɗaki ɗaya, yana iya cika tsohon buhu da ƙasa da taki, ya huda gindinsa, ya dasa tumatir ko barkono a ciki. Marubucin wannan babi ya taɓa ganin wata dattijuwa da aka raba da ƙauyenta ta jera irin waɗannan buhuna 6 a jikin katangar gidan da aka sauke ta. Da aka yaba mata, cewa ta yi guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Game da ƙwari, toka da ruwan jiƙon ganye ko 'ya'yan dogon yaro, wanda Katsinawa suke kira bedi, suna maganin da yawa daga cikinsu. Tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a 2016, ta fi ƙarfin toka, sai dai a ƙaramin lambu ana iya tsinke ganyen da ta shiga a ƙona tun da wuri. Sannan duk gidan da ya dasa zogale biyu ko uku a jikin darni ya sami ganyen kwaɗo da dambu na shekaru, da ɗan ruwa kaɗan.

Shanya da Ajiya

Bushewar iskar hunturu ita ce na'urar adana abinci ta talaka. Tumatirin da ya yi yawa ana yanka shi a shanya ya zama kauɗa. Lawashin albasa ana kirɓa shi a dunƙula a busar ya zama gabu. Tattasai da barkono da yakuwa da rama duk haka ake yi musu. Ganye a inuwa ya kamata a shanya shi don kada ya koɗe, kuma a kan tabarma ko rufin ɗaki, domin shanya a gefen titi tana cika abinci da ƙasa. Don ajiye ɗanyen kaya na 'yan kwanaki akwai dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jihar Jigawa a shekarun 1990, har ta sa aka ba shi kyautar Rolex a 2000. Ana sanya ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan yake tsattsafowa yana bushewa, sai ya janye zafin ciki, kamar dai yadda randa take sanyaya ruwa. Gwargwadon bushewar iska, gwargwadon sanyin tukunyar.

Matsayin Malami

Kiran a yi lambu a gida ba sabon abu ba ne daga hukuma. Shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976 ya yi wannan kira, makarantu da yawa suka buɗe gonaki, amma da shirin ya wuce sai akasarinsu suka koma filin ƙwallo. A ra'ayin marubucin, dalili shi ne an mayar da aikin lambu horo ga yaron da ya makara, maimakon darasi. Malamin Hausa da aka tura Wagini ko Runka ko Zakka yana iya kafa fangali biyu a bayan aji, ya sa yara su tambayo kakanninsu sunayen ganyaye da kayan aiki da matakan shuka, su rubuta insha'i a kan abin da suka gani daga yafi zuwa tsinka. Zai tarar yaran sun zo da kalmomin Katsinanci waɗanda shi kansa bai taɓa ji ba, kuma ya kamata ya rubuta su a littafi na musamman, da sunan ƙauyen da aka samo kowace. A ƙarshen zango kuma a raba latas da albasar da aka girba, kowane yaro ya kai wa mahaifiyarsa, tare da ɗan ƙullin iri a takarda.