Mazauni da Mahaɗa: Kalmomi Biyu na Labarin Ƙasa

Labarin ƙasa kashi biyu ne. Akwai wanda ya ke duba halittar ƙasa kanta, watau duwatsu da koguna da iska da ruwan sama. Akwai kuma wanda ya ke duba zaman ɗan Adam a bisanta: inda ya kafa gida, da abin da ya kai shi wurin, da hanyoyin da ya ke bi ya sadu da maƙwabtansa. Wannan na biyu ya kan ba malami wuya a aji, domin ba a gama daidaita kalmominsa da Hausa ba. Inda kuwa kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu, sai ɗalibi ya haddace ta, ya fita bai rarrabe kome ba.

Tambayar fari a wannan ilmi ita ce, me ya sa gari ya ke inda ya ke? Masana sun raba amsar gida biyu. Na ɗaya shi ne filin da garin ya ke zaune a kai, ko tudu ne ko fadama, ko akwai ruwan sha kusa, ko wurin ya na da sauƙin tsaro. Wannan ya cancanci a kira shi mazauni. Na biyu shi ne matsayin garin game da sauran wurare, watau hanyoyin da su ka ratsa shi, da ƙasashen da ya ke tsakaninsu. Wannan kuma a kira shi mahaɗa.

Birnin Kano ya isa misali. Mazauninsa ba abin rainawa ba ne. Ga dutsen Dala da Gwauron Dutse, waɗanda a ke hangen abokan gaba daga kansu. Ga tama a gindin Dala, wadda maƙera su ka riƙa narkawa tun kafin zamanin Bagauda. Ga ruwan Jakara. Ga kuma ƙasa mai jure noma shekara da shekaru in an ba ta taki. Bisa ga Tarihin Kano, Sarki Gijimasu (1095–1134) shi ne ya soma ginin ganuwa. Ganuwar nan kuwa ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki masu faɗi, don ko an tsare ƙofofi da yaƙi kada yunwa ta ci garin.

Amma fa dutse da ruwa da ƙasar noma ba Kano kaɗai Allah ya ba su ba. Turunku ta na da duwatsunta, ta yi ganuwa, har sarakunan Zazzau sun zauna a cikinta kafin su koma gindin Kufena, ga shi kuwa yau ƙaramin gari ce. Abin da ya ɗaukaka Kano shi ne mahaɗarta. Ta zauna tsakanin hamada da kurmi, kowane ɓangare kuwa ya na da abin da ɗayan ya rasa. Ayari ya kan sauko daga Tarabulus ta kan Gat da Agadas, Abzinawa su kawo gishirin Bilma, fatake su ɗauko goro daga Gwanja, wata hanya kuma ta miƙe gabas zuwa Barno. Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa kasuwar Kurmi inda wannan kaya duka ya ke haɗuwa. Sa'ad da Heinrich Barth ya iso a 1851, ya ƙiyasta mazaunan birnin wajen 30,000, ya kuma tarar tufafin da a ka saƙa a ka rina a Kano su na kai wa har Timbuktu.

Mazauni ba ya cika sakewa, mahaɗa kuwa ta kan juya cikin 'yan shekaru. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin hamada ya riga ya ja baya. Sai garin ya juya fuskarsa daga arewa zuwa kudu, gyaɗa da fatu su ka riƙa gangarawa Ikko. Zungeru ba ta yi wannan sa'a ba. Turawa sun mai da ita hedkwatar Arewa a 1902, sa'an nan su ka ƙaura Kaduna a 1917. Kogin da ta ke bakinsa bai gusa ba, jirgi ma bai daina ratsa ta ba, amma da hanyoyin mulki su ka karkata wani wuri, sai ta tsaya cik.

Harshen kansa ya riga ya san wannan rarrabewa, abin da ya kamata malami ya lura da shi ke nan kafin ya shiga ƙirƙiro sababbin kalmomi. Kalmar birni ta mazauni ce, domin asalinta ganuwar kanta a ke nufi, sa'an nan garin da ta kewaye. Shi ya sa Bakano in ya ce ya na zaune cikin birni, ya fitar da Fagge da Sabon Gari, ko da ya ke duk Kano ne. Yau kuwa a kan ce birnin Kaduna, wadda ba ta taɓa yin ganuwa ba, sabo da yawan jama'a kurum. Ma'anonin nan biyu su na tafiya tare, lalle ne a faɗa wa ɗalibi wadda a ke nufi.

Kalmar zango ita kuma ta mahaɗa ce zalla. Ba ta faɗin kome game da tudu ko kwari, sai dai cewa ayari ya kan yada kaya a wurin ya kwana, har a ke auna nisan tafiya da ita, a ce zango uku ne tsakanin gari kaza da gari kaza. Masauki ya kan daɗe ya zama gari, kamar Zangon Katab. A Kumasi da Ankara kuwa kalmar ta ƙara gaba, ta zama sunan unguwar baƙi Musulmi 'yan arewa, waɗanda yawancinsu Hausa ce harshen cinikinsu.