Sayen Babur a Ƙasar Wani: Nasiha Daga Batsari

A wajenmu, Batsari da Safana, babur ne ƙafar kowa. Shi ke fito da buhun rogo daga gona zuwa kasuwar Batsari ran Alhamis, shi ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauyukan Runka da tsakar dare, shi ke kai kayan amarya inda mota ba ta iya shiga da damina. Don haka da matasanmu suka fara kallon masu yawon duniya a kan babur ta wayoyinsu, abin bai zo musu baƙo ba. Ɗan yayata ya daɗe yana damuna da zancen. Yana so ya tsallaka Maraɗi ya sayi mashin, ya bi ta Damagaram ya gaida dangi, in hali ya yi ya dangana da Agadas. Kullum tambayarsa ɗaya ce: "Kawu, ashe mutum na iya sauka a ƙasar da ba tasa ba, ya sayi babur ya kama hanya?"

Ana iyawa, kuma ana yi. A 2018 wata mata 'yar ƙasar Holan, Noraly Schoenmaker, wadda aka fi sani da Itchy Boots a YouTube, ta sayi babur ƙirar Royal Enfield a birnin Delhi na Indiya, ta hau shi fiye da kilomita 30,000 har ta isa gida. Daga baya ta ratsa Najeriya a kan wani babur ɗin daban. A ƙasar Biyetnam abin ya zama kasuwa: baƙo ya sauka a Hanoi ya sayi ɗan ƙaramin mashin na hannu, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,700 zuwa birnin Ho Chi Minh, ya sayar wa wani baƙon da zai yi arewa. Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin ɗora babur a jirgi daga gida yakan fi kuɗin babur ɗin kansa, haya kuma ta wata biyu ko uku cin jari ce.

Wane iri za ka saya? Amsata a takaice: wanda mutanen ƙasar ke hawa. A 2004, lokacin da ɗan wasan fim Ewan McGregor da abokinsa Charley Boorman suka yi tafiyarsu daga Landan zuwa New York ta gabas, ɗaya daga cikin manyan baburansu na BMW ya lalace a Mongoliya. Wani ɗan ƙaramin babur ƙirar Rasha da suka saya a can shi ya fitar da mai ɗaukar hotonsu daga dajin. Mu nan ba sai an ba mu labarin Mongoliya ba. Bakaniken da ke yi mini gyara a bakin kasuwa, in ka kawo masa Boxer, tun kafin ka kashe ta ya ji ciwonta a kunnensa. Ya kwance fulogi ya duba bakinsa, in ya yi baƙi ya goge da 'yar wayar ƙarfe, ya hura kafireto, ya ɗaure sarƙa, ka ba shi na goro ka wuce. Kayan gyaranta na rataye a kowace rumfa daga Jibiya har Ɗanmusa. Ka kawo masa mashin mai aiki da kwamfuta, zai gaya maka gaskiya cewa sai Kano. A Nijar kuwa za ka tarar Kasea da Haojue da sauran baburan Sin sun cika titi, wanda zai yi tafiya can sai ya duba abin da 'yan kabu-kabun garin ke hawa kafin ya buɗe aljihu.

Zancen araha ba shi da tabbas. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta sha ƙasa. Akwai lokacin da mutanenmu ke ganin riba su sayo daga can, akwai lokacin da 'yan Nijar ne ke cika Jibiya da Katsina suna saye a nan. Ka yi lissafi da canjin ranar da za ka biya, ka haɗa da la'adar dillali da kuɗin takardu.

Takardun nan su ne zuciyar maganar, kuma a kansu na fi tsananta wa ɗan yayata. Ƙarfe kowa na iya duba shi, amma abin da zai raba ka da jandarma lafiya a kan hanyar Tasawa takarda ce. Sabon babur a Nijar yana bukatar rasit na shago, da shaidar an biya duwan, wato kuɗin kwastam, da takardar mallaka da suke kira kartigiris, da lamba, da inshora. Baƙo kuma a nan yake cin tuntuɓe, domin kusan ko'ina a duniya rajista na neman adireshi da shaidar zama ɗan gari. Shi ya sa a Biyetnam takardar babur takan zauna da sunan mai shi na farko, baƙi na ta miƙa wa juna. Mu muna da sauƙin da Bature ba shi da shi. Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, harshe ɗaya, kuma da wuya ka sami gida a yankinmu da ba shi da ɗan'uwa ko suruki a can. Sai dai sauƙin nan shi ke yaudarar mutane. A yi rajista da sunan ɗan'uwa, a taho ba tare da wata rubutacciyar shaida ba, a ce ai zumunci ne. A shingen jami'ai ba a karanta zumunci. In har za a sa sunan wani, to ya rubuta maka izinin hawa da fita da shi, a buga hatimin hukuma.

Ka tsuguna da kanka ka duba lambar inji da lambar bodi. Ka goge ƙurar da bakin rigarka, ka haska da fitilar waya, ka karanta harafi bayan harafi kana gwadawa da abin da ke takarda. In ka ga alamar an kankare wurin, ko fentinsa ya fi na sauran jikin sabunta, ka miƙe ka yi sallama, ko da rabin kuɗi aka ce ka biya.

Tsallaka iyaka wani babi ne. Masu doguwar tafiya a duniya suna riƙe wani ɗan littafi da ƙungiyoyin masu motoci ke bayarwa, ana ce masa karne. Kana ajiye kuɗi jingina a gida, kwastam na buga hatimi a shiga da fita, alamar ba ka sayar da abin hawan a ƙasarsu ba. A yankinmu an fi amfani da takardar wucewa ta ɗan lokaci da ake karɓa a bakin iyaka. Amma iyakar Magama da Ɗan Isa ba kullum take a buɗe ba. An rufe iyakokin Najeriya a Agustan 2019, ba a buɗe ta Magama ba sai a Afrilun 2022, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A ranar 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso. Wanda ya sayi babur a can da niyyar dawowa da shi gida ya fara zuwa wurin kwastam ya ji abin da zai biya, kafin ya saya. Masu cewa "ai sai a biyo ta daji" ba masoyanka ba ne.

Na faɗi haka ne saboda abin da babur ya zama a ƙasarmu. Mu da muke maƙwabtaka da dajin Rugu mun san yadda gaba ke faɗuwa in an ji ƙarar mashina da yawa bayan isha'i. Abin hawan da ke kai mara lafiya asibiti shi ne 'yan bindiga ke hawa uku-uku su faɗa wa ƙauye. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da baburan hannu a kasuwar Charanci, ta hana goyon mutum uku, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma taƙaita zirga-zirgar babur da dare. Ba a jima ba aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. Ba mu kaɗai ba ne. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, Nijar ta hana hawa babur a jihar Difa a 2015, ta yi haka a Tilaberi a 2020. Saurayin da ya fito daga yankinmu a kan sabon babur mara lamba, da galan ɗin mai a ɗaure a baya, ya san irin kallon da soja ko ɗan sa-kai zai yi masa. Abin yana yi mini ciwo, domin yaranmu na da haƙƙin ganin duniya kamar kowa, amma ɓoye musu wannan ba gata ba ne. Katin shaidarka, takardun babur, lamba a gaba da baya, su zama a hannu tun kafin a tambaya.

Sauran shiri ba shi da yawa. Tub biyu da kayan faci da famfo, fulogi, wayar kuloci, da hular kwano wadda mutanenmu ke rainawa. Ka sha mai a gidan mai duk inda ka samu, in dole ta kai ka ga 'yan bumburutu ka tace shi da ƙyalle mai tsabta. Ka taso da asuba, ka sauka kafin la'asar sakaliya, a kowane gari ka tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki. Daga Damagaram zuwa Agadas ya haura kilomita 400, garuruwa sun yi nisa da juna, ba hanyar mutum ɗaya ba ce.

Ranar sayarwa ma tana da nata nauyin. Baƙo a Biyetnam yana miƙa makulli ya hau jirgi, ba ruwansa da inda mashin ya nufa. Kai ɗan Safana ba ka da wannan damar, domin babur ɗin da ke ɗauke da sunanka na iya ƙarewa a hannun da ba ka so, a biyo sawu har ƙofar gidanku. Ka sayar a gaban sarkin dillalai ko mai unguwa, a rubuta takarda da lambar inji da ta bodi, mai saye ya kawo katin shaidarsa, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kofi. Ɗan yayata na gaya masa ya ci gaba da tara kuɗinsa, in ya tashi ni zan raka shi Maraɗi, mu fara sauka gidan surukanmu su haɗa mu da dillalin da suka sani.