Corvette Sting Ray: Kyan Ƙira, Wuyar Tuƙi da Tsadar Gwanjo

Corvette mota ce mai kujera biyu wadda kamfanin Chevrolet na Amurka ya fara ƙerawa a 1953 a garin Flint na jihar Michigan. Guda 300 kacal aka fitar a shekarar farko, dukkansu farare masu jan ciki, kuma jikinsu na faiba ne, ba ƙarfe ba. Injinta mai silinda shida bai kai kyan jikinta ba, sai da aka sa mata mai silinda takwas a 1955 sannan ta fara amsa sunan motar gudu. Amma samfurin da masu tara tsofaffin motoci suka fi rububi a kansa shi ne na 1963 zuwa 1967, wanda ake kira Sting Ray.

Shugaban sashen zane na General Motors, mamallakin Chevrolet, wato Bill Mitchell, da mai zane Larry Shinoda ne suka fitar da siffarta. Gaban yana da kaifi, fitilu suna juyawa su ɓuya idan an kashe su, bayan rufaffiyar kuwa, wato wadda rufinta ba ya buɗewa, ya gangara ya tsuke kamar gindin kwalekwale. Abin da ya fi jawo magana shi ne gilashin baya na 1963, wanda wani siririn ginshiƙi ya raba biyu. Mitchell ya kafe a kansa don ado, injiniya Zora Arkus-Duntov kuma ya ce yana tare wa direba gani. Duntov ne ke da gaskiya, aka kuwa cire ginshiƙin a 1964. Wannan cirewa ce ta ɗaga darajar rufaffu 10,594 da aka yi a 1963, har ana biyan su fiye da ƙannensu na 1964, duk da cewa ƙannen sun fi daɗin duba baya. Wasu masu motar a lokacin ma yanke ginshiƙin suka yi don a ɗauka sabuwa ce.

Wajen tuƙi, Sting Ray ta yi wa magabatanta nisa, domin kowace tayar baya tana hawa da sauka ita kaɗai, abin da ya sa take riƙe titi a kwana. Sai dai burkin 1963 da 1964 irin mai ganga ne, wanda ke yin rauni idan ya ɗau zafi. Burki mai faifai a ƙafafu huɗu bai zo ba sai 1965. Sitiyari yana da tauri a waɗanda ba a sa wa na'urar sauƙaƙa shi ba, kuloci yana gajiyar da ƙafa a cunkoso, zafin inji kuma yana shigowa har wurin zama. Babban injin lita 7 da ya bayyana a 1966 ya ƙara ƙarfi da ruri, ya kuma ƙara wa gaba nauyi. Ƙaramin mai lita 5.4 ya fi shi daidaito a hanya mai lanƙwasa, ko da yake kasuwa ba ta cika saka masa da wannan ba.

Kasuwar dai ƙarancin kaya take bi. Rufaffiyar 1963 ba ta kai dala 4,300 ba tana sabuwa. Amma wata ta 1967 mai injin L88, wanda guda 20 kawai aka yi a shekarar, an sayar da ita dala miliyan 3.85 a gwanjon Barrett-Jackson a Scottsdale ta jihar Arizona, a watan Janairun 2014. Ga shi kuwa don filin tsere aka yi L88: ba rediyo, ba na'urar ɗumama ciki, kuma fetur na musamman take sha. Wato wannan mai tsananin tsada tana cikin mafiya wuyar sha'ani a titin gari.

Bayan ƙaranci sai asali. Mai saye yana duba ko lambar da aka buga a jikin inji ta dace da lambar motar, ko launin fentin shi ne na masana'anta, ko takardun sayarwa na farko suna nan. Ƙungiyar NCRS, wadda aka kafa a 1974, tana tantance irin waɗannan motoci har zuwa kan noti. Tsananin binciken yana da dalili, domin akwai masu goge lambar inji su buga wata. Jikin faiba ma yana ruɗin baƙo: shi ba ya tsatsa, amma ƙarafan da ke ɗauke da shi a ƙasa da kewayen gilashin gaba suna ruɓewa a ɓoye.

Wasu kan sa wa tsohon jikin sabon inji da burki da na'urar sanyaya ciki, su samu motar shiga kullum, amma ta fita daga sahun na asali. Masu miliyoyin kuwa galibi a bayan tirela ake kai su wuraren baje koli. Ga mai son tuƙi da gaske, samfurin 1965 zuwa 1967 mai ƙaramin inji da giya huɗu ta hannu ya fi dacewa.