Intanet Za Ta Zo Ƙauyenmu?

Ya kai mai karatu, in kana zaune ƙauye, ka san wahalar rezo. Sai mutum ya hau tudu ko icce kafin salula ta kama. Ga kuma intanet, wadda da ita ake aika murya, hoto da takarda har wata ƙasa, ba ta kai ƙauyuka da yawa ba.

Mi ya sa haka? Kamfanonin waya ƴan kasuwa ne, riba suke nema. Kafa dogon ƙarfen rezo yana cin kuɗɗi masu yawa, kuma sai an ba shi wuta dare da rana. A Yamai ko Maraɗi mutane sun yi yawa, kuɗɗin na dawowa da sauri. A ƙauye mai gida 50 ba haka ba ne. Ga shi kuma a Nijar, cikin mutum 10, wajen 8 a karkara suke.

Shi ya sa gwamnati take sa hannu. A 2016 Bankin Raya Afirka ya yarda ya ba da kuɗɗin shimfiɗa wata igiya ta ƙarƙashin ƙasa. Cikinta akwai zaren gilashi mai ɗaukar saƙo da haske. Wani reshe ya tashi daga Damagaram ya bi ta Magarya zuwa iyakar Nijeriya, wani daga Arlit zuwa iyakar Aljeriya. A 2020 kuma Bankin Duniya ya yarda da dalar Amurka miliyan 100 don a kai rezo ƙauyukan da ba su da shi.

Mi za ka samu ciki? Ka ji farashin hatsi ko albasa kafin ka ɗora buhu kan amalanke, kada dillali ya cuce ka. Ɗanka da ya tafi ci-rani Abijan ya aiko ma da kuɗɗi ta salula. Malamin asibitin ƙauye ya nemi shawarar babban likita ba tare da tafiya ba.

Amma ka sani, wani sashe na kuɗɗin ga rance ne, ƙasa ce za ta biya. Kenan kayanmu ne duka. In an kafa ƙarfe garinku, ku tsare shi, kada a sace batir ko allon hasken rana. In ba a kafa ba, ku haɗa kai ku tambayi hukumar gundumarku, ku rubuta takarda da hannunku.

Kai ma ka dage da yaƙi da jahilci. Intanet cike take da rubutu, gaskiya da ƙarya gauraye. Wanda ya iya karatu shi ke iya tantancewa.