Burodin da Nono Ke Tayarwa

A kwarin kogin Hadeja, daga Auyo zuwa fadamun da ke kewaye da garin Hadeja, ana shuka alkama a watan Nuwamba idan hunturu ya kankama, a girbe wajen Maris. Ruwan da ake sakowa daga madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, da ta Challawa ta 1992, shi ke riƙe da yawancin wannan noman rani. Amma burodin da ake ci da shayi a garuruwan nan, akasarin fulawarsa daga alkamar ƙasashen waje take. Ko haramcin shigo da alkama da gwamnatin Babangida ta sa a 1987 bai daɗe ba aka janye shi. Alkamar gida ta tsaya a alkubus da funkaso da alkaki da taliya, har mutane suka ɗauka burodi sai gidan burodi. Ba haka abin yake ba, kuma abin da matan ƙauyukan ƙasar Ailan suka yi ya isa hujja.

Alkamar Ailan mai laushi ce, ba ta da danƙon da yis ke buƙata, kuma talakawansu ba su da tanderu. Da garin soda ya wadata a tsakiyar ƙarni na 19, sai suka haɗa shi da garin alkama da gishiri da tsala, wato nonon da aka kaɗe aka cire mai. Tsamin nonon ne ke haɗuwa da sodar, nan take iska ta fito ta kumbura ƙullin, ba sai an jira ya kwana ba. Ga rabin kilo na gari, ƙaramin cokali ɗaya na soda ya isa, da gishiri kamar haka, da nonon da zai haɗa su ba tare da ƙullin ya yi ruwa ba. Ba a murza shi, domin murza na korar iskar. Sai a dunƙule shi, a tsaga samansa da wuƙa gicciye don zafi ya ratsa tsakiya, a sa a tukunyar ƙarfe, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Bayan kamar minti 40, idan aka ƙwanƙwasa gindinsa ya yi amo kamar ganga, ya gasu.

Duk kayan nan suna Hadeja. Matan Fulani na kawo nono kasuwa kullum, injin niƙa na kusan kowace unguwa, kuma garin alkama mai dusa, wanda ke danne burodin yis ya fito da nauyi, shi wannan hanya ta fi karɓa. Ilimin ma ba baƙo ba ne. Duk macen da ta taɓa zuba ruwan kanwa a ƙullin waina da ya yi tsami ta ga ya taso, ta riga ta san aikin.

Wani zai ce to me ya sa ba za a yi da kanwa kawai ba, tunda tana da araha? Gaskiya ne kanwa 'yar uwar soda ce, amma ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule, ga ƙasa a jikinta, kuma idan ta yi yawa burodin zai yi duhu da ɗaci. Sodar shago ta fi sauƙin awo, sai dai wadda ta ƙware ta jiƙa kanwar ta tace. Ƙorafi mai ƙarfi shi ne na baki: wannan burodi ba shi da zaƙi da taushi irin na leda, kuma yakan bushe bayan kwana ɗaya ko biyu. Wannan ba abin musu ba ne, shi ya sa bai dace da mai talla ba. Amma gidan da ya noma alkamarsa ba ajiya yake nema ba, abin karin kumallo yake nema, kuma bakin da ya saba da alkubus ya riga ya san ɗanɗanon dusa. Wanda ya kwana kuwa, sai a yayyafa masa ruwa a bi shi da ƙuli-ƙuli da mai da albasa, yadda ake yi wa gurasa.