La'adar Neman Aiki: Dillanci Tsakanin Injiniya da Ma'aikata a Yankin Tiga

Matashin da ya karanta aikin injiniya a Jami'ar Bayero ta Kano ko a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, ya gama hidimar ƙasa, ya koma gida Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa, yakan tarar da cewa takardar shaida ba ta isa ta kai shi bakin aiki ba, domin kafin a duba ƙwarewarsa sai ya fara jin labarin gurbin, kuma sai an sami wanda zai ambaci sunansa a inda ake yanke shawara. Daga nan ne wata al'ada ta samo asali, wato mai neman aiki ya sanar a cikin abokan karatu da abokan sana'a, a majalisa ko ta wayar salula, cewa duk wanda ya yi masa hanya har ya sami aiki zai ba shi wani kaso na kuɗi. Wannan al'ada tana da fuska ta halal da fuska ta ɓarna, kuma abin da ke raba su shi ne abin da aka biya kuɗin dominsa da lokacin da aka biya shi.

Yankin Tiga, inda waɗannan garuruwa suke, ba baƙon aikin injiniya ba ne. An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, a zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo, kuma ruwanta ne ke bi ta manyan magudanai yana shayar da gonakin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, waɗanda Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, take kula da su. Daga baya gwamnatin jihar Kano ta gina tashar samar da lantarki mai ƙarfin megawat 10 a jikin madatsar. Ta wajen Kwanar Ɗangora kuma ga babbar hanyar Kano zuwa Zariya, sannan ga bututun iskar gas da ya taso daga Ajaokuta ya biyo ta Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, da layin dogo na Kaduna zuwa Kano da aka fara a 2021. Sai dai galibin irin waɗannan ayyuka, leburori da masu gadi da direbobi ne ake ɗauka a wurin aikin, injiniyoyi kuwa daga babban ofishi a Kano ko Kaduna ko Abuja ake turo su, saboda haka ɗan yankin yakan ga aiki a ƙofar gidansu alhali ƙofar shigarsa tana can nesa. Wannan tazara ita ce kasuwar dillalin aiki.

Masana zamantakewa sun daɗe da lura cewa labarin aiki ta bakin mutane yake tafiya fiye da ta hanyar talla. Wani masani ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya binciki ƙwararrun ma'aikata a garin Newton da ke kusa da Boston, ya wallafa sakamakon a farkon shekarun 1970, inda ya nuna cewa fiye da rabinsu ta hanyar wani da suka sani suka sami aikinsu, kuma mafi yawan waɗanda suka kawo musu labarin ba aminai ba ne, mutane ne da ake haɗuwa da su jefi-jefi. Dalilin a fili yake, domin amini da ɗan'uwa abin da mutum ya sani shi suka sani, amma wanda ake gaisawa da shi sama-sama yana zaune a wata majalisar, yana jin abin da bai iso nan ba. To, ɗan'uwa zumunci ne ke tunzura shi ya yi wahala, na nesa kuwa babu abin da ya ɗaure shi, shi ya sa mai nema yake sa lada don ya motsa shi.

A ƙasar Hausa biyan mai shiga tsakani tsohon abu ne mai tsari. A kasuwar dabbobi mai saniya ba ya ciniki da mai saye kai tsaye, dillali ne ke karɓar igiya, ya kira farashi, mai saye ya taya, a ce masa albarka idan tayin bai kai ba, a yi ta ja har a sallama, kuma sai bayan an sallama an ƙirga kuɗi ne dillali yake karɓar la'adarsa, wato ladan da aka san shi da shi a kan kowane ciniki da ya faɗa. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Hausawan Sabo a Ibadan ya wallafa littafinsa a 1969, ya nuna yadda fataucin shanu da goro ya dogara ga masu masauki da dillalansu, waɗanda suke tsaya wa baƙo, su ɗauki nauyin bashin da aka ci ta hannunsu. Jarin irin wannan dillali sunansa ne, domin gobe ma a kasuwar zai zauna, kuma idan ya ci amana sau ɗaya kowa zai ji.

Fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne ake karantawa a zaurukan malaman wannan ƙasa cikin littattafan Risala da Mukhtasar, ya ware wa irin wannan yarjejeniya babi mai suna ji'ala, wato mutum ya yi alkawarin lada sananne ga wanda ya cim ma wani aiki, kamar nemo ɓatacciyar dabba, ba tare da an san yawan wahalar da za a sha ba. Sharuɗɗanta sun dace da maganar neman aiki ƙwarai: dole ladan ya zama sananne tun farko, ba a cancanci karɓarsa sai aiki ya kammala, kuma ba a yarda a shardanta biyan kuɗin tun kafin a yi aikin ba. Malaman mazhabar sun kuma yi magana a kan kuɗin alfarma, wato abin da mai matsayi yake karɓa don kawai ya sa baki, inda da yawansu suka hana shi, wasu kuma suka halatta gwargwadon abin da mutum ya kashe na tafiya da wahala kaɗai. A bisa wannan ma'auni, wanda ya ji labarin gurbi, ya sanar, ya gyara wa matashi takardunsa, ya raka shi ya gabatar da shi a kan abin da ya sani na ƙwazonsa, ya yi aikin da za a iya saka masa. Jami'in da aka ɗora wa amanar zaɓen ma'aikata kuwa, idan ya karɓi kuɗi don ya sa suna a jeri, cin hanci ya karɓa, ko da an kira shi goro ko tukuici.

Dokar zamani ma ta bi kusan wannan layi. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda asalinta na 1974 ne, ta wajabta wa masu sana'ar samo wa kamfanoni ma'aikata su sami lasisi daga ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, sannan yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a 1997 kuma Nijeriya ta amince da ita a 2023, ta kafa ƙa'idar cewa kamfanonin dillancin aiki ba za su caji mai neman aiki ba. Abin da ya faru a watan Maris na 2014, lokacin da dubban ɗaruruwan matasa suka biya naira dubu ɗaya kowannensu don jarrabawar shiga hukumar shige da fice, aka tara su a filayen wasa, mutane da dama suka mutu a turmutsitsi, ya nuna inda ake ƙarewa idan aka mai da mai neman aiki hanyar samun kuɗi. A 2023 kuma wani kwamiti na Majalisar Wakilai ya zauna yana sauraron shaidu kan zargin sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya.

Abin da wayar salula da intanet suka canza shi ne sun faɗaɗa da'irar waɗanda za su iya kawo labari, wanda alheri ne ga ɗan Riruwai ko Ɗariya da ba shi da kowa a Abuja, amma sun cire abin da ke tsare tsohon dillanci, wato sanin fuska da sanin gida. Saƙo yakan iso da tambarin wata hukuma, a ce guraben kaɗan ne kuma gobe za a rufe, a nemi kuɗin fom, bayan kwana biyu a nemi na gwajin lafiya, sannan a turo takardar ɗaukar aiki mai hatimi da sa hannu. Uba ya sayar da buhunan masara ko ya jinginar da gona, ɗa ya ɗinka sababbin kaya ya tafi kama aiki, sai a bakin ƙofar ofis ya ji cewa ba a san da zancen ba, lambar wayar kuma ta daina shiga. Alamar da ta fi kowace bayyana a nan ita ce wadda malaman fiƙihu suka riga suka hana, wato neman kuɗi kafin aiki ya tabbata.

A fannin injiniya illar sayen gurbi ba ta tsaya a kan wanda aka zalunta aka hana shi haƙƙinsa ba. Tun 1970 doka ta kafa majalisar COREN don ta yi wa injiniyoyi rajista ta kuma tsare ingancin sana'ar, saboda kuskuren injiniya a kan jama'a yake faɗawa. Mutanen Bebeji sun ga ɓallewar madatsar Bagauda a daminar 1988 da asarar rayuka da gidaje da gonaki da ta biyo baya, kuma a 1992 an rage tsayin mazubar madatsar Tiga, aka haƙura da wani kaso na ruwan da take tarawa, don a kare lafiyar ginin. Irin wannan shawara tana bukatar mutumin da zai duba tsagewa ko tsattsafin ruwa a jikin madatsa ya gane abin da yake gani, kuma wanda ya shiga aiki da kuɗi ba a taɓa gwada ko yana da wannan idon ba.

Saboda haka tsarin da ya fi aminci shi ne wanda manyan kamfanonin injiniya da na kwamfuta a ƙasashe da yawa suke bi, inda mai ɗaukar aiki ne yake biyan la'ada, ko dai ga ma'aikacinsa da ya kawo wanda ya cancanta, ko ga kamfanin dillanci mai lasisi, kuma sau da yawa ba a cika biyan sai sabon ma'aikacin ya yi wasu watanni yana aiki an gamsu da shi. A wannan tsari dillali ba ya cin riba sai ya kawo gwani. Inda kuwa ya zama dole matashi ne zai biya, abin da shari'a da hankali suka yarda da shi shi ne lada sananne, ga mutum sananne wanda ba shi da hannu a zaɓen, a gaban shaidu, kuma bayan albashin farko ya shiga hannu.